Fim Ɗin Da Ke Saman Murhu

Ban taɓa ganin fuskar mahaifiyata ba. Ta rasu kafin ta yi arba'in da haihuwata. 'Yar ruga ce daga bakin daji, mai kunya, ba ta yarda a ɗauke ta hoto. Ranar sunana kaɗai ta yarda, shi ma don mai riƙe da kyamarar mijinta ne. Babana mai hoto ne, yana bin kasuwannin Tsohon Birnin Gwari da Kuyello a kan babur. A wancan lokacin sai an kai fim Kaduna an wanke kafin hoto ya fito. Da ta rasu, zuciyarsa ta kasa kai wannan fim ɗin. Ya miƙa wa mahaifiyarsa, Iya, ya ce ta ajiye mini sai na girma, kada haske ya taɓa shi. Shi ma bai ga shigata firamare ba.

Iya ta riƙe amanar yadda ta san ana riƙe abu mai daraja. Ta naɗe ɗan baƙin gwangwanin fim ɗin da tsumma, ta ɗaure shi a cikin irin masarar da ake ratayewa a saman murhu don hayaƙi ya kori ƙwari. Duk shekara a sauke iri a shuka, a rataye sabo, ƙullin nan yana wurinsa.

A ƙarƙashinsa muke zama jin tatsuniya. Da damina, bayan magariba, idan ruwa ya kore mu daga tsakar gida, sai mu dunƙule a ɗakin girki ni da 'ya'yan kawuna. Masara tana gasuwa a bakin wuta, kwaɗi suna ta hayaniya a fadama, Iya ta miƙe ƙafafu ta ce, "Ga wata nan ta fito daga daji." Mu ce, "Ta ƙaraso!" Su suna kallon bakinta, ni ina satar kallon sama. Idan ta kama ni sai ta ce, "Ƙawata, wuyanki zai ƙage. Tana nan, ba inda za ta."

Wadda na fi roƙo ita ce ta tsohuwa mai tafki. Wai can cikin daji akwai wata tsohuwa da ke gadin tafki. Duk wanda ya leƙa ruwan, fuskarsa sai ta zauna a ciki. Tsohuwa ta ɗebo fuskar a ƙwarya, ta rufe da faifai, ta ba shi. Sharaɗin ɗaya ne: ba mai buɗewa sai ita. Idan kana kewar wani, ka kawo ƙwarya da ɗan hatsi, ta buɗe maka ka gani. Ana nan sai fatake suka kawo madubi kasuwa. Kowa ya saya, kowa yana ganin kansa a ɗakinsa ba tafiya ba wahala. Hanyar tafki ta yi ciyawa. Tsohuwa ta jira, ba mai sallama, ba mai kawo hatsi. Rannan ta naɗe tabarmarta ta yi gaba, tafki ya ƙafe. Sai da wata mata ta rasa ɗanta ta gane madubi ba ya nuna wanda ya tafi. Ta ɗauki ƙwarya ta ruga daji, ta tarar da busasshen taɓo.

"To, Iya, sai me?"

"Sai me kuma? Ta ƙare mana. Wanda yake muku aiki, ku riƙa leƙa shi ko ba ku da buƙata. Ku tashi, kun cinye mini masara."

Sai da na sami gurbin karatu a Kaduna Iya ta yarda cewa na girma. Ta sa aka sauke ƙullin. Tsumman ya yi baƙi ƙirin, yana ƙamshin hayaƙi. Na rungume shi a cikin mota duk tsawon hanyar nan da kowa ke bi da addu'a a baki.

Abin da na tarar ya girgiza ni. Shagon hoto na farko, mai shagon ya juya gwangwanin ya tambaye ni ko batir ne. Na biyu suka ce in tura musu hoton ta waya. Na yi ta yawo har aka kwatanta mini wani dattijo, Baba Tanimu, da ke ɗaukar hoton fasfo a wani lungu.

Ya karɓa da hannu biyu. "Ikon Allah! 'Yata, ina kika samo wannan?"

Na ba shi labari. Ya nuna mini wani inji da aka lulluɓe da buhu, an ɗora butoci a kai.

"Da wannan na aurar da 'ya'yana. Yanzu maganin wankin ma ba ya zuwa. Kamfanonin da ke ƙera fim ɗin da yawa sun rufe, tunda kowa ya zama mai hoto da wayarsa. Kamfani ba ya kunna injinsa saboda mutum ɗaya irinki. Na ji wai 'ya'yan masu hali sun fara komawa gare shi don gayu, shi ya sa 'yan kaɗan ɗin da suka rage suke numfashi, sai tsada kamar me. Ranar da gayun ya wuce, Allah kaɗai ya sani." Ya ce akwai wani abokinsa a Legas da har yanzu yake wanki, zai aika masa. Sai ya shinshina tsumman, fuskarsa ta sauya. "A ina aka ajiye shi?"

"A saman murhu, Baba. Cikin irin masara. Haske bai taɓa shi ba ko sau ɗaya."

Na faɗa da alfahari. Ya zauna a hankali.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Babanki bai ce wa kakarki zafi ma yana cinye shi ba?"

Duk daren da na ɗaga kai ina yi wa mahaifiyata murmushi, ashe wutar da muke jin ɗuminta tana share ta kaɗan-kaɗan.

Da saƙon ya dawo, Baba Tanimu ya ɗaga zaren fim ɗin a bakin ƙofa. Launin ƙasa ne daga farko har ƙarshe. A wuri ɗaya kawai akwai wani abu kamar hannu a kan farin zane. Ko shi ma ba mu tabbatar ba.

Da hutu na koma gida. Na sami Iya a bakin ɗakinta tana gyaran wake, idanunta sun yi rauni. Ko gaisuwa ba mu gama ba ta kamo hannuna.

"Kin gan ta?"

Ban yi mata maganar zafi ba, kuma ba zan yi ba. Na ce, "Ya tsufa, Iya, bai fito ba. Amma ai ke kin san ta. Faɗa mini yadda take."

Waken ya zube daga tafin hannunta.

"Fara ce… ko kuwa wankan tarwaɗa? Tana da wushirya. A'a, ƙanwarta ce mai wushirya." Ta ture waken gefe. "Ƙawata, wallahi ta ɓace mini. Na ɗauka tana can a ajiye, shi ya sa ban riƙe ba."

Wannan ya fi maganar Baba Tanimu dukana. Ban taɓa tambayarta ba tun ina yarinya, ita ma ba ta taɓa faɗa ba, dukanmu muna jiran hoto.

Na daɗe ina ɗauka tatsuniyar nan a kan butulcin mutanen gari take. Da na tsaya a shagon Baba Tanimu na ce lallai a kansa take, shi da masu ƙera fim ɗin hoto da aka daina leƙawa. Yanzu kuwa matar nan mai ƙwarya nake tunani. Da ta tarar da tafki a bushe, ta iya tuna fuskar ɗanta? Iya ba ta taɓa kai labarin can ba.

Ƙanwar mahaifiyata tana raye. An ce sun tashi daga bakin daji tun da zaman ya gagara, sun yi wajen Neja da shanunsu. Na fara cigiyarta. Idan Allah ya haɗa mu, zan zauna a gabanta in ce ta fara daga goshi, ta bi a hankali, kada ta tsallake komai.