Sylvanus Mai Turi da Dokokin Masu Shan Jini

Duk wanda ya taɓa kai wayarsa a tura masa fim a kasuwar unguwar Television ya san Sylvanus, in bai san sunansa ba to ya san bakinsa. Shagon ɗan tsugul ne, tebur ɗaya da tsohuwar kwamfuta da benci, amma gardamar da ake tafkawa a ciki ta ishi majalisa guda. Sana'arsa turi: ka miƙa waya, ya zuba maka fina-finai, ya haɗa maka da sharhin da ba ka tambaya ba.

Tun yana yaro a Zonkwa ya kamu da son fina-finan ban tsoro, kuma abin dariyar shi ne babu matsoraci kamarsa. Ƙadangare ya motsa a bayan buhu sai Sylvanus ya kira sunan Yesu. Abin da ya sa yake iya barci bayan kallo shi ne ya haddace dokokin masu shan jinin nan na fim. Ba sa fita da rana, ƙonewa suke yi. Ba sa fitowa a madubi. Tafarnuwa da gicciye suna korarsu, kuma ba sa shiga ɗaki sai an ce musu su shigo. A wurinsa dodon da aka san iyakarsa da sauƙi, ka rufe ƙofarka ka kwanta.

Ana nan sai ga wani dogon fim na ƙasar waje mai zango-zango, an fassara shi da Hausa, ya kama gari kamar wutar daji. Wai soyayya ce tsakanin wani saurayi da wata mai shan jini, fara sol. Tana yawonta da rana tsaka da laima da baƙin gilashi, tana shafa hoda a gaban madubi, kuma a coci aka ɗaura musu aure. Ran Sylvanus ya ɓaci ba kaɗan ba.

"Wannan ai rainin hankali ne!" in ji shi. "Mai shan jini a coci? Gobe kuma sai su ce tana sayar da tafarnuwa."

Malam Sani mai gyaran waya, wanda ke zuwa daga Makera kullum yana buɗe shago kusa da nasa, ya yi dariya har da dukan cinya. "Oga Sylvanus, ka taɓa ganin guda ne da idonka, da za ka ce ga yadda suke?"

Sylvanus ya yi tsaki. Amma fa duk zagin da yake wa fim ɗin, hannunsa bai daina tura shi ba. Kasuwa ta buɗe, shi kuma ba ya mayar da ciniki. Rabin wayoyin layinsu shi ya cika su da fim ɗin nan, wannan kam ba zan rufa masa asiri ba.

Abin da Malam Sani bai kawo a ransa ba shi ne matar Sylvanus. Scholastica tela ce, kuma zabiya ce, fara sol tun haihuwa. Rana tana ƙona mata fata tana kashe mata ido, don haka ba ta fita sai da laima da baƙin gilashi. Lokacin aurensu, da danginsa suka fara ƙus-ƙus, da wasa ya rufe musu baki. Ya ce ga ta nan a madubi, ga ta cikin mawaƙan coci, miyarta kuwa tafarnuwa har ta yi yawa. Aka yi dariya, magana ta mutu. Yanzu ga wani fim ya zo ya kwashe masa hujjojin nan kaf, ya kuma ɗora wa dodonsa laimar matarsa. Tsoro ne yake cinsa, yana fitar da shi da sunan gardama.

Yara ne suka fara. In ta fito za ta kasuwa sai su watse suna ihu, "Ga ta fim ɗin nan!" Ita dariya take yi. Shi kuwa bai ga abin dariya ba.

Sai Vicky ta kwanta. 'Yar maƙwabciyarsu Dorcas ce a gidan hayar da suke zaune, yarinyar da kullum tana gindin keken Scholastica tana tsintar ƙyallaye. Zazzaɓi ya ƙi sauka, tafin hannunta ya yi fari fat, mai kemis ya duba idonta ya ce jininta ya yi ƙasa sosai. Ba wanda ya tambayi sauro. Aka shiga tambayar ɗakin wa yarinyar ta fi zama.

Ran wata Asabar da azahar Sylvanus ya dawo cin abinci ya tarar da tsakar gida cike da mutane, har da waɗanda bai sani ba. An shimfiɗe Vicky a tabarma. Scholastica tana tsaye a bakin ƙofarta, abin awo rataye a wuyanta.

Baba Monday mai gidan, dattijon da ba ya son fitina, shi ya yi magana a hankali. "Ɗana, ba wanda zai taɓa ta. Ta tsallake yarinyar kawai, kowa ya kama gabansa."

Sylvanus ya san wannan al'ada tun daga ƙauye. Wanda ake zargi da maita shi ake sa wa ya tsallake mara lafiya don ya sake shi. In ta tsallake, ta amsa laifi ke nan a gaban kowa. In ta ƙi, an ce ta ƙi sakin yarinya. Ya hangi wani saurayi a bakin zaure riƙe da guntun katako.

Ya faɗa ɗaki da gudu ya ciro madubin da masu kawo ɗinki ke duba kaya, ya kafa shi a gaban matarsa. "Ku duba! Ga ta nan a ciki! Ga gicciye a wuyanta!"

"Oga," in ji saurayin mai katako, "ta fim ɗin ma tana fitowa a madubi. Kai ka tura mana."

Sylvanus ya sauke madubin ƙasa.

Scholastica ce ta cire abin awon ta ajiye. "Baba, ba zan tsallake 'yar mutane ba. Ɗaukarta zan yi." Ta sunkuya ta saɓi Vicky a kafaɗa, ta dubi Dorcas. "Maman Vicky, ɗauko zanenki mu tafi asibiti." Ta ratsa taron ta fita cikin ranar nan ba laima, aka dare aka ba ta hanya don ba mai son jikinsa ya gogi nata.

A asibiti aka ce sai an ƙara wa yarinya jini. Dorcas tana da tsohon ciki, uban kuma direba ne yana hanyar Abuja. Aka gwada na Sylvanus bai dace ba. Na Scholastica ya dace. Ta kwanta aka ɗiba, wuyanta da kafaɗunta sun yi jawur saboda rana, shi kuma yana zaune a gefe yana kuka kamar ƙaramin yaro, don daɗi da kunya.

Vicky ta warke. Sylvanus ya ce shi ke nan, magana ta ƙare, har ya koma yi wa Malam Sani surutu. Ran Lahadi bayan an taso daga coci sai ga Dorcas da doya da kaza. Scholastica ta ce ta shigo, amma ta durƙusa daga bakin ƙofa, ta riƙe hannun Vicky gam.

"Anti, Allah ya saka da alheri," in ji ta, idonta a ƙasa. "Mun gode da kika ji tausayinmu kika dawo mata da jininta."

Scholastica ta dube ta. Sannan ta ce, "Ba komai," ta karɓi kazar.

Tun daga ranar Sylvanus ya goge fim ɗin daga kwamfutarsa, amma shagon da ke kallonsa yana turawa, kuma an ce sabon zango ya fito. Ya daina gardama a kan madubi da tafarnuwa. In matarsa za ta kasuwa shi yake rufe shago ya riƙe mata laima. A gidan nan kuwa yara sun fi goma, ga damina ta kama, sauro ko'ina. Duk yaron da ya yi tari a tsakar gida, Sylvanus yana riga uwarsa ji.