Ramin da Kawu Ilyasu Ya Bar Mana

Shekara bakwai ke nan da rasuwar Kawu Ilyasu, ƙanin mahaifiyata, a nan Alƙahira. Na daɗe ina jinkirin wannan rubutu, domin ina tsoron in zalunci wani. Idan na yi kuskure, Allah ya yafe mini.

Kawu ya yi karatun kiwon lafiya a Indiya kafin ya zo Masar yana yi wa 'yan kasuwarmu tafinta a kasuwar Ataba. A can ya ji labarin Ayurbeda, tsohon ilimin maganin Indiyawa. Ni ban karanta littattafansu ba, daga bakinsa na ji, don haka ba zan rantse ba. Ya ce a wajensu annoba tana shigowa ne idan abubuwan da jama'a suka yi tarayya a kai suka ɓaci: iska, ruwa, ƙasa da yanayi. Shi ya sa bai taɓa ba kowa ƙwaya ba. Tsintsiya yake miƙa wa mutum.

A benenmu na unguwar Hayyin Ashir akwai manwar, wato ramin da ake bari a tsakiyar gini don iska da haske, inda tagogin kicin da na ƙananan ɗakuna ke kallo. Kowa ya san abin da ake yi da shi: a buɗe taga, a saki ledar shara, a rufe. Duk Juma'a da hantsi Kawu kan bi ƙofa-ƙofa yana cewa, "Yalla, a sauko! Wanda ya ci, shi zai kwashe." Idan an gama, sai ya turara busasshen ganyen darbejiya da yake samu wajen 'yan Sudan. Ko hayaƙin yana kashe wani abu, ban sani ba. Na dai san ƙuda ba ya zama.

Da zai leƙo yau, da ya ga hotonsa a jikin kwalba. Malam Tanimu, wanda suka yi zaman gida ɗaya da Kawu, kuma wanda ciwon baya ke kamawa duk Juma'a, yanzu Daktur ake ce masa. Yana saro ƙwayoyi a Ataba, ya manna musu fuskar Kawu, ya rubuta "Sirrin Indiya". Ɗalibai masu haddace babin tsarki suna layi a ƙofarsa, su fito su tsallake ruwan da ke tsiyaya daga ramin, suna ɗage jallabiya.

Tagar ɗakin 'yata Hafsa manwar take kallo. Tun bara ƙirjinta ke toshewa, kuma likita ya ce ko a gyara wurin ko mu tashi. Ba na cewa ramin kaɗai ne sila, amma mun rufe tagar. Na je wa Malam Tanimu, tunda shi ake jin maganarsa, na roƙe shi mu dawo da aikin Juma'a.

"Haba ɗana, ma'alish, yi haƙuri," in ji shi. "Da digirinka za ka shiga bola? Aikin maigadi ne. Ungo wannan, ka ba ta safe da yamma. Na kawunka ne."

"Malam, Kawu bai taɓa haɗa magani ba."

"To ai shi ya sa ya tafi bai bar komai ba. Khalas, shi ke nan."

Na ajiye masa kwalbarsa a kan tebur na fito.

Juma'ar da ta wuce na sauka da shebur. Hajja Batul, wata tsohuwa 'yar Sudan da ke hawa na biyu, ta biyo ni da bokiti tana zagin kowa da sunansa. Sauran suka tsaya a tagogi suna ce mana "Allah ya ba da lada", kamar masu kallon ƙwallo.

Sunan Kawu an ɗauke, hotonsa an ɗauke. Abin da ya rage nasa na gaskiya shi ne wannan aiki mai wari, kuma shi kaɗai ne gadon da babu wanda ya yi mini gardama a kansa. Allah ya jiƙansa. Da na hau sama Hafsa ta tambaye ni ko yanzu za ta iya buɗe tagar. Na ce mata tukuna, ba mu kai ƙasan ramin ba.