Yadda Aka Yanke Maganar Kawuna Gida Biyu

Lokacin da abin nan ya faru ban daɗe da gama lakwal, wato makarantar boko, ba, ina aiki a wani ƙaramin gidan rediyo a Tahoua. Sanarwar biki da ta rasuwa nake karantawa, amma a zuciyata ni babbar ƴar jarida ce. Duk wanda ya zo daga Yamai da kyamara a kafaɗa, in ya yi mini magana da Faransanci har jikina rawa yake. Na faɗi wannan ne don a gane yadda aka same ni da sauƙi, kuma ba zan ambaci sunan kowa ba.

Ana tsakiyar kamfen na zaɓen shugaban ƙasa ma'aikatan wani gidan tele na Yamai suka sauka garinmu, suna neman dattijon ƙauye da zai faɗi ra'ayinsa. Nan da nan na ce ina da shi: kawuna, yayan mahaifiyata, a wani ƙauye arewa da Barmou. Kawu ba hakimi ba ne, ba limami ba ne, amma in shanu suka shiga gona, ko manoma da makiyaya suka yi rikici a bakin rijiya, zaurensa ake zuwa. Dukiyarsa a duniya ita ce an san ba a sayensa. Kowa kuma ya san ɗan takarar da yake so, wanda ke cewa a bar wa ƙauye al'adunsa, a bar maganar gonaki a hannun dattawa. Gidan telen nan kuwa ɗaya ɗan takarar suke wa kamfen, na sani sarai, amma na ce wa kaina ai ƴan jarida ne.

Kawu yana da hanyar magana irin ta tsofaffin Adar. In zai ƙi mutum, da yabonsa yake farawa. Sai ya jero duk alherinsa ɗaya bayan ɗaya har wanda ake yabon ya fara washe baki, sannan ya ce amma, kuma daga nan hukunci yake soma. Da haka wanda ya faɗi a shari'arsa yake tashi ba tare da jin an wulaƙanta shi ba. Da na je masa da maganar baƙin ya ƙi, na yi ta naci, ƙarshe ya ce saboda ni kaɗai ya yarda.

Ranar hirar ya yi abin da ya saba. Ya ce ɗan takarar da ba ya so mutum ne mai ilimi, ba ya zagi, kuma hanyar da ya yi alkawari muna bukatarta. Sannan ya ce amma, ya daɗe yana bayanin dalilin da ya sa ba zai ba shi ƙuri'arsa ba. Da shirin ya fito, yabon kawai aka saka, wata murya tana cewa dattawan Adar sun canza sheƙa. Kafin mako ya ƙare hoton ya shiga wayoyin ƴan cin rani a Abidjan da Libiya, suka dinga kiran gida suna tambayar me aka ba tsohon. Wasu suka ce mota, wasu suka ce kujerar Makka. Zaurensa ya koma fayau, har rikicin gona na maƙwabtansa jami'an tsaro na jandarma aka kai wa. Na yi kuka, na ji kunyar da ban taɓa ji ba.

Ban zauna ba. Na shiga mota har Yamai, na yini a ƙofar ofishin gidan telen har wani babba ya fito. Ya ce lokacin shiri kaɗan ne, sauran hirar kuma an goge. Yana murmushi ya ƙara da cewa ko kalma ɗaya ba su ƙara wa tsohon ba. Gaskiya ya faɗa, kuma ita ta fi ci mini rai. Na dawo na roƙi Kawu ya sake magana in ɗauka a rediyonmu, sai ya ce: "Ɗiyata, na hwaɗi maganata sau guda. Wanda ya san ni ya san akwai saura."

Sai na ɗauki sauran da bakina. Ranar kasuwar Barmou ina can, ta Affala ina can, har Tébaram na je. Na shiga gidaje wurin mata, na durƙusa gaban dattawa, ina maimaita abin da Kawu ya ce bayan amma, don ina wurin aka yi. Wasu suka ce sun gani da idonsu, me ƴar boko za ta gaya musu. Ban yi fushi ba, na sake komawa. An yi zaɓe an gama ina yi. A hankali wani tsohon makiyayi ya dawo da ƙararsa zauren, wasu suka biyo bayansa.

Kwanakin baya na je ƙauyen ana shari'ar iyakar gona, na saurara daga bayan danga. Kawu ya yanke hukunci kai tsaye, babu yabon kowa, wanda ya faɗi ya tashi yana huci ko sallama bai yi ba. Da na tambaye shi dalili, ya ce: "Yanzu kowa na da waya cikin aljihu. Ban san inda za a yanke ni ba."

Abin da na koya shi ne ana iya yi wa mutum ƙarya da bakinsa. Ku da kuke kallon tele lokacin kamfen, in kun ga dattijon da kuka sani yana faɗin abin da bai yi kama da shi ba, ku taka ku je ku tambaye shi. Ku kuma ƴan boko irina, kada ku kai baƙo zauren iyayenku sai kun san wanda yake wa aiki. Ni ina nan a rediyo, kuma duk wanda ya yi magana a shirina sai ya kai ƙarshenta, ko da lokaci zai ƙare a kansa. Mutane sun dawo wa Kawu, amma masu shari'a a ƙauyenmu yanzu da fushi suke komawa gida.