Sarewa Ce Ta Fara Tafiya

Ko a tsakiyar bazara, lokacin da mutum ke ji kamar ya tuɓe fatar jikinsa don zafi, Dada ba ta yi mana tatsuniya sai an hura wuta. Dada kakata ce ta wajen uwa, Bafulatana siririya mai faɗan tsiya, kuma a gidanta na Disina na yi yawancin ƙuruciyata. Ana idar da sallar isha za ta shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakinta, ta ce a kawo kara. Mu jikoki sai mu jeru a gabanta, fuskokinmu na kallon wuta, gumi na bin wuya. In wani ya ja baya don ya sha iska, da muciya take jawo shi.

Ni ne babba a jikoki maza, don haka Maigida take ce mini. Kullum tana ƙorafin ta auri malalaci, ko cefanen gishiri bai taɓa yi mata ba. Ni ma ba na raga mata. Na taɓa tambayarta ko so take ta gasa mu ta ci, tun da haƙoranta ba sa iya naman sa. Ta ce sauro take kora da wutar. Sauron dai babu wanda ya kai masa labari, don cizonmu yake yi son ransa.

Tana da nata salon buɗewa. Sai ta tafa hannu ta ce, “Ga baƙuwa a ƙofa.” Mu ce, “Ta shigo, akwai tabarma.” Tatsuniyoyinta suna da yawa, amma akwai guda da nake tsoro, kuma ita na fi roƙo. Ta Buba ce, makiyayi mai sarewar kara.

Shanun Buba ba sa jin sanda, ba sa jin kira. Busa ɗaya suka sani, in ya yi ta sai su biyo shi duk inda ya nufa. Buba kuwa yana kishin busar nan. A can cikin daji yake yin ta, in ya doso ruga sai ya cusa sarewar a riga. Ƙanwarsa ta roƙe shi ya koya mata, ya ce ba abin yara ba ne. Babansa ya nema, ya ce sai wani jiƙon. Rannan aljanar da ke zaune a tsamiyar bakin rafi ta sauko ta ce ita ma tana so. Ya hana ta. Aljana ba ta yi fushi ba, dariya ma ta yi. Ta ce ba za ta taɓa sarewarsa ba, ba za ta taɓa saniya ko ɗaya ba. Kunnensa za ta riƙa tsinka kaɗan-kaɗan, kamar yadda ake tsinkar zogale.

Kukan ƙananan tsuntsaye ya fara ɓace masa, bai ma lura ba. Sai kukan maruƙa. Sai muryar ƙanwarsa. Yatsunsa ba su manta ramukan sarewa ba, yana ta busawa yadda ya saba, amma busar tana karkacewa bai sani ba, kuma duk duniya babu wanda ya san ta da zai ce masa ga inda ya kauce. Wata yamma ya busa, shanu suka ɗago kai suka dube shi, suka ci gaba da tafiya cikin daji. Ya bi su yana busa har ƙafarsa ta fashe. Dada ta ce su ne suka zama ɓauna, shi ya sa har gobe in ɓauna ta ji sarewa takan tsaya ta waiwaya, amma ba ta zuwa.

A nan take tsayawa. Mu yi ta magiya ta dawo wa Buba da shanunsa, ko da maraƙi ɗaya ne. Ta ce ita ba ta san hanyar dajin ba, mu tashi mu kwanta.

Akwai waƙa a cikin tatsuniyar. Dada ce sarewa, mu ne shanu. Takan ja murya ta ce, “Fara da Ja, rana ta yi, ku juyo gida,” mu amsa, “Mun ji, Buba, muna tafe.” Ba ta wasa da amshin nan. Takan bi mu da ido ɗaya bayan ɗaya, wanda duk ya yi lalaci ta sa shi ya maimaita shi kaɗai.

Wata rana a farkon damina ruwa ya jiƙa karan gidan kakaf. Aka yi ta hura wuta, hayaƙi kawai take yi. Fitila babu kalanzir, hadari ya rufe wata. Dada ta ce yau babu tatsuniya, muka dame ta har ta gaji ta zauna. Ta fara ta Buba cikin duhu, muna jin muryarta ba ma ganin juna. Da ta zo kan waƙa ta ja baitinta, muka amsa. Sai muka ji shiru. Ta sake jan baitin, muka sake amsawa da ƙarfi.

“Ba za ku amsa ba?” in ji ta. “Maigida, har da kai?”

Na ce mun amsa mana. Muka ɗaga murya gaba ɗaya, har karen maƙwabta ya kama haushi. Ta jira kaɗan, sannan ta ce tun da mun zama ’yan gayu, mun fi ƙarfin waƙar tsohuwa, shi ke nan. Muka ji ta naɗe tabarmarta ta shige ɗaki. Ƙanwata ta fashe da kuka. Ni ban yi kuka ba, amma na ga kamar aljanar tsamiya ta baro tatsuniya ta shigo gidanmu.

Da safe na gaya wa mahaifiyata. Ta ja ni bayan rumbu ta ce kunnen Dada ya daɗe da yin nauyi. Muryar manyan maza tana ɗan kama ta, amma siririyar murya irin tamu ta yara ta bar jin ta tuntuni. Bakinmu take kallo, shi ya sa sai da wuta. Ta ce haka mahaifin Dada ya yi, haka wani yayanta, abin a jininsu yake. Ta kama kunnena ta ce in na kuskura na nuna wa Dada na sani, sai ta tsinke shi. Daga ranar ni nake ɓoye busasshen kara a ƙarƙashin rumbu, kuma in zan amsa waƙa har kunne nake buɗe baki.

Yanzu ina koyar da lissafi a wata sakandare a Azare, furfura ta fara fito mini, kuma ina da wani hali da mutanen gidana suka ɗauka taɓin hankali ne mara cutarwa. Ina son kiɗan da babu mai sonsa a unguwarmu. Abin ya samo asali daga rediyon wani kawuna, wadda nake murɗawa ina laluben tashoshin nesa. Da waya ta zo kuwa, sai na samu yadda nake so.

Iri uku ne. Akwai kiɗan gargajiya na mutanen ƙasar Ailan, goge da ’yar siririyar sarewar ƙarfe da ganga mai fata ɗaya, suna zagaya zance guda da sauri kamar ’yan mata a dandali. Ranar da na fara ji na rantse makiyaya ne, daga baya na ji ashe ban yi nisa da gaskiya ba. Shi nake sawa da safe in jikina ya mutu. Akwai kiɗan Turawa na dauri, wanda ake tara makaɗa cike da zaure babu mawaƙi ko ɗaya, su yi ƙasa-ƙasa har ka ɗauka sun tashi, sannan su taso maka gaba ɗaya. Da shi nake duba takardun jarrabawa, yana hana ni zagin ’ya’yan mutane. Sai buluz na baƙaƙen Amurka, tsoho ɗaya da jitarsa da murya kamar an ja buhu a ƙasa, yana faɗin abin da ya dame shi, ya maimaita, sannan ya ƙarasa. Wannan na ranar da raina ya ɓaci ne.

Matata ta ba kowanne suna. Na Ailan gogen Nasara ne. Na zaure kuwa, in ta ɗan saurara sai ta ce, “Baban Jidda, har yanzu ba su fara waƙar ba?” Shi kuwa mai buluz, ta ce a taimaka a kai shi asibiti, ciwon ciki ke damunsa. Abokan aikina ma sun yi mini dariya har suka gaji. Ni kuma ina da zuciya. Na sayi iyafis na toshe kunnena, na ce kowa ya riƙe nasa. Shekara da shekaru ban ƙara sa wa kowa ba, har wani daɗi nake ji cewa duk garin nan ni kaɗai na san abin da nake ji.

Bara ne, ina sauraron wani kiɗan Ailan da na sani kamar sunana, aka zo inda sarewa ke hawa sama ita kaɗai, sai na ji wurin babu kowa. Goge na nan, ganga na nan, sarewa ta tafi. Na ce iyafis ne, na shiga kasuwa na sayi sabo. Na ce waya ce, na ari ta matata. Daga nan na fara lura da sauran abubuwa. ’Yan matan da ke bayan aji in sun ba da amsa sai na sa su maimaita, ina yi musu faɗan rashin ɗaga murya. Wani ɗan acaɓa ya kusa kwashe ni a bakin tasha, yana ta rantsuwa ya yi hon.

A asibiti suka sa mini wani abu a kai, suka ce in ɗaga hannu duk lokacin da na ji ƙara. Na zauna ina jira a fara, ashe an daɗe da farawa. Likita ya tambaya ko akwai masu nauyin kunne a danginmu. Ya ce siraran sautuka ne ke fara tafiya, masu kauri su bi baya, kuma ba zai iya ce mini ga saurin da abin zai yi ba. Akwai na’urar da za ta taimaka wajen jin magana. Da na tambaye shi kiɗa fa, sai ya ce ba zai zama kamar da ba.

Ina jin tsoro, babu amfanin ɓoyewa. Kowace safiya kafin in buɗe ido nakan kasa kunne in ji ko tsuntsayen bishiyar darbejiyar gidanmu suna nan. Na ma jera kaɗe-kaɗen nan uku a raina yadda za su tafi: na Ailan ya riga ya kama hanya, gogunan zaure za su bi shi, tsohon mai buluz ne zai tsaya raka ni saboda kaurin muryarsa. Da wannan nake rarrashin kaina.

Muna yara mun ɗauka tatsuniyar Buba gargaɗi ce kan rowa, irin wanda ake yi wa yaron da ya ƙi raba rake. Sai yanzu na gane Dada tsoronta take ba mu labari, a gabanmu, ba tare da ta ce nata ba ne. Ta san akwai ranar da muryarta za ta karkace ba tare da ta sani ba, shi ya sa take ɗura mana waƙoƙin da faɗa da muciya. Ita ta yi dabara tun da sauran lokaci. Ni da na je makaranta, hanyar Buba na bi tiryan-tiryan.

Na ajiye iyafis. Yanzu bayan magariba nakan sa wayar a cikin kwanon silba don ƙarar ta ƙaru, in zauna a tsakar gida. Matata ta ce to, haukan ya fito fili. Manyan yaran suka gudu. Jidda ce kawai ta zauna, autarmu da ke firamare, ita ma ina jin don kada a sa ta wanke-wanke ne. Na gaya mata gaskiyar halin da kunnena yake ciki, abin da Dada ba ta yi mana ba. Muka yi yarjejeniya: in sarewa ta hau inda ba na kaiwa, ta ɗaga yatsa ta riƙa bin ta a iska, sama da ƙasa, ni kuma in cike sauran daga kaina.

Ran nan na dawo a gajiye, na ce yau ba na son wahalar da kowa, na sa buluz. Na jingina da bango, tsoho yana ta kukansa, ina jin komai, hankalina kwance. Can na duba sai na ga yatsan Jidda a sama, yana rawa.

Na ce ta sauke hannu, wannan babu sarewa a ciki.

“Ba sarewa ba ce, Baba,” in ji ta. “Jitar ce take wani ƙaramin kuka in ya yi shiru. Ba ka ji?”

Na san kukan. Shekaru ina jiran wurin nan duk lokacin da na sa waƙar, kuma ban san ranar da ya tafi ba. Na ce ta yi mini shi da baki. Ta yi, ban ji ba. Na ce ta yi shi da murya mai kauri, kamar tana kwaikwayon babban mutum. Ta kumbura kumatu ta yi, tana dariya, sai ga shi ya iso ni. Amma ta kauce a ƙarshe, ta hau inda ya kamata ta sauka. Na ce ba haka ba ne, na yi mata yadda yake, ta ce ai ni ma na karkace. Muka mayar da waƙar baya don a raba gardama, ta saurara, ta ce to wannan karon ni ke da gaskiya.

Uwarta ta leƙo daga madafa ta ce tuwo zai huce. Na ce a rufe shi. Na ce wa Jidda ta sake daga farko.