Zobe a Ƙwallon Mishmish

A unguwar Zahir ta Makka muke zaune, amma aikin maigidana a Ɗa'if yake, can kan duwatsu, a lambun wani Balarabe. Sai ranar Alhamis yake saukowa Makka, da kwali a kafaɗa cike da mishmish, ɗan itacen nan ruwan ɗorawa mai ƙwallo a ciki.

Akwai bishiya guda da ya yi wa aure da hannunsa. Kai, na sha labarinta har na gaji! Burinsa in mun tashi komawa gida ya yanki rassanta ya kai Jos, garinmu, tunda can ma akwai sanyi. Mai lambun ya riga ya yarje masa.

Ni kuwa shanya mishmish ɗin nake yi, in tara ƙwallayen in fasa. Wata shekara ina wanke su sai na ga wasu daga na bishiyar nan da zane, zobe-zobe fari-fari kamar an ɗiga ruwa a kan ƙasa. Wallahi burge ni suka yi. Na kai masa har ina tsokana.

"Malam, ashe 'yar lelen taka har kwalliya take yi?"

Bai yi dariya ba. Ya juya ƙwallon a tafin hannu, ya ce dama ya ga ganyenta na ɗashewa, 'ya'yan kuma suna zubewa tun ba su nuna ba, ya ɗauka ƙishi ne.

Shi da kansa ya gaya wa mai lambun. Malaman gona suka zo suka tsinki ganye suka tafi gwaji. Ni har faɗa na yi masa, na ce da ya yi shiru ya yanki reshensa tukuna. Ya ce, "Haba, in kai wa mutanen garinmu ciwo a jaka?"

Sakamako ya fito: ƙwayar cutar bairus ce, ciwon ba ya jin feshi, ƙananan ƙwari ke yaɗa shi, kuma yana bin reshe duk inda aka dasa. Sai tumɓukewa da ƙonawa. Bai bar kowa ya sa mata gatari ba, shi ya yi.

Da ya sauko wannan makon ya ci tuwo, ni kuwa tausayinsa ya hana ni ci. Bayan La'asar na ji shi a waya da ƙanensa na Jos.

"Ramukan nan da na sa ka haƙa a bayan gida, ka rufe su. Ka zuba dankali kawai."