Gaisuwar Kwana Uku ga Farfesa

Ina aji biyu na sakandare aka cire ni daga makaranta aka zaunar da ni a kan keken ɗinki, kuma har yau abin bai bar cina ba. Waɗanda nake ba satar amsa a aji su ne yanzu ke wuce ni a Ƙofar Kuyambana, gilashin mota a rufe. Amma abu ɗaya nake taƙama da shi wanda boko bai koya musu ba: na san yadda ake shiga wurin babba.

'Yata ta fari tana jami'a. Taifod ya kwantar da ita sati biyu, gwajin wani kwas ya wuce ta. In ba ta rubuta shi ba kafin Juma'a, ranar da Farfesan zai miƙa sakamako, sai ta maimaita kwas ɗin baɗi. Shi kuwa ba ya ganin ɗalibi a ofis sai an fara tura masa imel. Ranar Litinin ta zo shagona da waya a hannu, ta karanta mini abin da ta rubuta. Layi huɗu: sunanta, lambarta, ciwon da ta yi, da abin da take roƙo.

Na ce, "Farfesa kike rubuta wa, ko ɗan acaɓa kike tsayarwa?"

"Baba, wallahi haka ake yi."

"In ji wa? Goge."

A cikin birni, in kana da buƙata wurin malami, ranar farko gaisuwa kawai za ka yi ka tashi. Rana ta biyu ma haka. Shi da kansa zai lura ya ce, "Lafiya dai?" Sannan ka sunkuyar da kai ka faɗi abin da ya kawo ka. Haka na ga ubana yana yi.

Na ajiye almakashi na shiga shifta mata. Sallama, ina gajiya, ya iyali, ya ɗalibai, ya haƙuri da jama'a, Allah ya ƙara ɗaukaka. Na hana ta sa suna, don yaro ba ya gabatar da kansa gaban manya. Ta rufe da "'yarka ce". Tana latsa wayar tana kumbura baki.

Kafin la'asar amsa ta zo: "Lafiya lau, na gode."

Na ce, "Kin gani? Mutumin kirki ne, ya san gida."

Talata muka sake gaishe shi, na ƙara da ya zafi. Ya amsa da "Amin." Ta ce, "Baba, saura kwana uku fa." Na ce ta yi mini shiru, ana dafa shi ne a hankali.

Laraba, bayan gaisuwa ta uku, sai ga saƙo: "Don Allah wace ce? Ina da ɗalibai da yawa. Me ake so?"

Na buga tafi har maƙwabcina mai gyaran agogo ya leƙo. "Ya tambaya! Yanzu sai mu fara da tarihin ciwon, tun daga ranar da…"

Ba ta bari na ƙarasa ba. Ashe layi huɗun nan ba ta goge su ba, ɓoye su ta yi. Ta tura su ina tsakiyar magana. Ko zare ban gama sawa a allura ba ya amsa: ta zo gobe ƙarfe goma da takardar asibiti, ta rubuta gwajin. Ya ƙara da cewa da tun Litinin ta faɗa, da ta samu kwanakin yin bita.

Ta karanta mini wannan layin sau biyu, da ƙarfi, don mai agogo ya ji. Ya kuwa ji, har da riƙe ciki.

Yini guda ta samu ta duba littafi. Ta ci, amma da ƙyar. Ita ta ce ni na cinye mata maki. Ni kuwa na ce ba don gaisuwata ta tausasa shi ba, da ko amsa ba za ta gani ba. Tun daga nan, in za ta rubuta wa wani malami, a gida take yi, ta turo ƙofa.