Yaya Yelwa, na ƙarasa hannun rigar

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya yi wa Yaya Yelwa rasuwa ranar Talata da hantsi, sha huɗu ga watan Rajab, wato 14 ga Janairu 2025, a ɗakinta a Zango. An yi mata sutura bayan Azahar. Yayar maigidana ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Yaranmu Goggo suke ce mata, ni kuwa Yaya nake ce mata tun ranar da aka kawo ni gidan nan a Daura, shekara talatin da ɗaya ke nan.

Yaya, yau kwananki goma sha biyu, sai yau na iya zama na riƙe waya. Kin tafi kin bar mana riga mai hannu ɗaya. Kin tafi jikanmu Nu'uman yana cikin kwalba a asibiti, bakwaini, likita bai ce mana eh ba bai ce mana a'a ba. Rigarsa ce kike saƙawa. To zan gaya miki abin da ya faru da rigar, amma bari na fara daga farko, tunda ba kowa ya san ki yadda muka san ki ba.

Duk wanda ya san Yaya ya san ta da jakar ledar nan mai zanen fulawa, zare a ciki, kibiyoyin saƙa biyu sun leƙo. Gidan biki da ita, gidan suna da ita, layin awo a asibiti da ita. Kina hira hannunki yana tafiya, ko kallonsa ba kya yi. Ba ki taɓa sayar da ko safa ɗaya ba. In an ce ki buɗe shago sai ki ce, ni da nake hutawa da abin nan za ku mayar min da shi aiki? Marigayi mijinki Alhaji Jafaru in ya kai dabbobi kasuwa ta wajen Kongolam, ba ya dawo miki da atamfa, zare yake dawo miki da shi, don ya san shi ne zai sa ki dariya.

Babu abin da ba ki saƙa wa riga ba a gidan nan. Filas ɗin shayi yana da riga. Rediyon maigidana Malam yana da riga, har da ƙofar da eriya za ta fito. Jakar Alƙur'anin yara ke kika yi. Kin tuna hular da kika yi wa ƙaninki, ruwan toka mai tuntu a ka? Ya ce, Yaya ni fa da gemuna, ina ni ina tuntu? Kika ce, da gemun naka na goya ka ko babu? Sa mu gani. Ya sa, ta sauko har kan hanci. Har yau da ita yake fita sallar Asuba in ana sanyi, sai dai yana tura tuntun ciki. Sai ranar da akuyarmu ta ja bakin zarenki ta zaga tsakar gida da shi, ta naɗe turmi, ta naɗe ƙafar murhu, kina bin ta kina cewa tsaya 'yar nan, ke ma zan yi miki taki. Na yi dariya ranar har na zauna a ƙasa.

Amma abin da aka fi tsokanarki da shi, ba kya saƙa daidai jiki. In aka haihu, kowa ya kawo kayan jarirai, ke sai ki kawo rigar ɗan shekara biyu. Dangi suna cewa Yelwa ta iya saƙa amma ba ta iya awo ba. Ki yi murmushi kawai ki ce, zai shiga. Kullum maganarki ke nan, zai shiga.

Ni ma da haka na ɗauka, har na yi miki abin da har yau in na tuna kunya take kama ni.

Kin san na binne biyu kafin ɗana Mahdi. Ta fari kwana huɗu, na biyu ma bai kai suna ba. Da na samu cikin Mahdi ko wando ban saya ba, ko tsumma ban tanada ba, tsoro nake ji. Da aka haife shi ɗan mitsitsi, ina kallonsa ina ƙirga numfashinsa. Ranar suna kika zo daga Zango kika miƙo min riga shuɗiya, na buɗe, wallahi har ni sai da na ga kamar hannuna zai shiga. Mata suka kwashe da dariya. Ni ban yi dariya ba. Raina ya ɓaci, na ce a zuciyata, ita ba ta san halin da nake ciki ba ne? Yaron da ban san ko zai kai arba'in ba za a kawo wa rigar mai gudu a tsakar gida?

Bayan kwana biyu na kai wa Iya maƙwabciyarmu, ita ma tana ɗan taɓa saƙa, na ce ta warware ta rage min ita daidai jikinsa. Ta warware kusan rabi ke nan sai ga sallamarki, kin dawo kawo min garin kunun kanwa. Kika ga zarenki a cinyar Iya duk ya nannaɗe. Na rasa inda zan sa kaina.

Ba ki yi faɗa ba. Kika ce, Iya ba ni nan. Kika zauna bakin gadona, kika ciro kibiyoyinki, kika fara mayar da abin da aka warware. Sai da kika yi layi kusan goma sannan kika yi magana, kanki a ƙasa.

Kika ce, Siddiƙa, kin ɗauka ban iya awo ba ko?



Kika ce, ɗana na fari na auna shi da hannuna, na yi masa riga cif da jikinsa, kowa yana yabawa. Kwana tara ya sa ta. Ranar da na ninke ta na ga ashe ni ce na yi masa rigar kwana tara, ban sa ran komai a gaba ba. Ba wai rigar ce ta kashe shi ba, astagfirullah, kwanansa ne ya ƙare. Amma tun ranar na ce in zan roƙi Allah ya raya yaro, to hannuna ma ya roƙa, ba bakina kaɗai ba. Ni ban iya doguwar addu'a irin ta Malam ba. Wannan ita ce tawa.

Na fashe da kuka. Kika ce, share hawayenki kar ki ɗiga masa a ka. Kika ɗauki Mahdi kika zura shi cikin rigar haka da kibiya a jikinta, ya ɓace, sai ɗan kansa mai tamoji. Kika ce, kai, ji shi kamar ɗan tsoho ya ari rigar liman. Daga ranar sunan Ɗantsoho ya bi shi, har a makaranta, har matarsa ma in ta manta haka take cewa.

Ya shiga rigar, Yaya. Ya shiga har ta yi masa kaɗan, har gwiwar hannu ta ɓule. Ƙannensa uku duk sun sa ta.

Kin so ki koya min saƙa, kin sha wahala da ni. Kina cewa, ke Siddiƙa sassauta, zare ne ba taɓarya ba. Abin da na iya yi a duniya shi ne wani dogon abu da ba a san sunansa ba, kika ce mu ce masa maɗaurin kai don a rufa asiri. Daga nan na ajiye, na ce ai ga ki, me zan yi da koyo.

To watan jiya Khairunnisa matar Ɗantsoho ta haihu wata bakwai. Aka sa yaron a kwalba. An raɗa masa suna Nu'uman ba taro ba komai, uwarsa tana asibiti tana tatsar nono ana ba shi ta roba. Kika zo duba shi duk da ƙafarki a kumbure, Maharazu ɗanki yana ta faɗa kar ki hau mota. Kika leƙa ta gilashi kika ce, wannan ne angon namu? Ai kuwa sai an yi masa kayan fita. A bencin asibitin kika fara, zare kore. Wata nas ta wuce ta ce, Hajiya wannan na wa ne, yana da babban wa ne a gida? Kika nuna kwalba. Ta kalle ki ta kalli yaron, ta wuce.

Ranar Lahadi kika kira ni, muryarki ƙasa-ƙasa. Kika ce kin gama gaba da baya, kin gama hannu ɗaya, saura ɗaya, sai dai yatsunki sun fara ƙin jin magana. Na ce ki huta, ba sauri ake ba. Kika ce, to, ki gaida min angona. Maganarmu ta ƙarshe ke nan.

Ranar sadakar uku Ikilima 'yarki ta miƙo min jakar ledar. Ta ce, Inna ta ce in wani abu ya faru a ba ki. Na ce ni? Ni da ban iya ba? Ta ce haka dai ta ce. Na buɗe, ga rigar, ga kibiya a soke inda kika tsaya, layi shida kika yi a hannu na biyu.

Na kawo ta gida na tura ƙarƙashin gado. Ba zan ɓoye miki ba Yaya, tsoron nan na da ne ya dawo min. A satin nan shawara ta kama yaron, ya yi ɗorawa, ya daina karɓar nonon, aka ƙara masa wata fitila. Na ce in na ƙarasa rigar nan kuma aka wayi gari babu mai sawa fa? Wa zai ninke ta? Gara ta zauna da hannu ɗaya.

Ɗantsoho ne ya zo da safe zai wuce asibiti, idonsa ja. Ya ce, Umma ina rigar Goggo? Na ce tana nan. Ya ce, kin ƙarasa? Na ce, bari dai mu ga yadda jikin yaron zai yi tukuna. Ya kalle ni ya ce, Umma, da Goggo ta jira ta ga yadda jikina zai yi, da yaushe za ta saƙa tawa?

Na jawo jakar na bi shi.

A bencin da kika zauna na zauna. Na yi layi uku na warware biyu. Zare ya kuɓuce min ya bar rami, na koma. Ina jin muryarki, sassauta Siddiƙa. Duk layin da na ɗauka sai na ce ya Allah ka raya shi, ya Allah ka raya shi, don ban san me kike faɗa a naki ba, ban taɓa tambayarki ba. Kwana biyar ina zuwa tun safe har La'asar. Nas ɗin nan ta ranar ta tsaya a kaina ta ce, ina Hajiyar mai saƙa? Na gaya mata. Ta yi salati, ta zauna ta riƙe min ƙullin zaren har aka kira ta.

Na gama ranar Alhamis, yaron yana kwalba har lokacin, ba a ce mana komai ba. Na ninke na ba Khairunnisa na ce ajiye masa.

Jiya Asabar aka sallame su.

Yaya, hannun da na yi bai yi kyau ba, gara na faɗa miki da bakina. Ya fi naki tsawo, ya matse a sama ya buɗe a ƙasa, akwai rami biyu da na kasa toshewa. Malam ya ɗaga rigar ya juya ta ya ce, ko makaho ya shafa ya san inda Yaya ta tsaya. Ya yi dariya, sai kuma ya fita waje da sauri, na san abin da ya fitar da shi.

Da 'yan barka suka taru muka shimfiɗa yaron a kanta, ko rabinta bai kai ba. Wata daga dangin Khairunnisa ta ce, kai wannan ai sai a warware a rage masa, ga sanyi ana yi. Kafin na buɗe baki Khairunnisa ta janye rigar ta rungume, ta ce, a'a Inna, a bar masa haka.

Allah ya jiƙanki Yaya Yelwa. Allah ya gafarta miki, ya yalwata kabarinki ya haskaka shi. Yadda kika rufa 'ya'yanmu daga sanyi, Allah ya lulluɓe ki da rahamarsa. Duk zaren da ya bi ta yatsunki Allah ya sa ki same shi a mizani. Allah ya haɗa ki da ɗanki na kwana tara da nawa biyun a Aljanna Firdausi, ya sa can ta fi miki nan.

Ina yi wa Maharazu da Ikilima ta'aziyya, da ƙaninki Malam Badaru, da jikoki, da dukkan dangi na Zango da Daura da Dutsi, da duk gidan da akwai hula ko safa ta hannunki, na san suna da yawa. Allah ya ba mu haƙurin rashinki, in tamu ta zo ya sa mu cika da imani. Wanda ya karanta ya yi mata Ƙulhuwallahu, ya sa Nu'uman a addu'a, har yanzu ɗan mitsitsi ne.

Jakar tana wajena, akwai sauran zare kore, zan gwada hula. Rigar kuma tana cikin akwatin Khairunnisa. Da yardar Allah zai shiga, Yaya.

Matar ƙaninki,
Siddiƙa, Daura